Takardar Koke daga Ƙasar Gobir: Kada Karatun Ɗiyanmu Ya Tsaya a Bakin Iyaka

Zuwa ga
Mai Girma Gwamnan Jihar Sakkwato,
Alhaji Ahmad Aliyu Sakkwato,
Gidan Gwamnati, Sakkwato.

Ta hannun Mai Girma Kwamishinan Ilimin Firamare da Sakandare.

Daga iyaye maza da mata, da malaman makaranta, da dattawan garuruwan bakin iyaka na ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa.



Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta ban girma, da roƙon Allah ya taya ka riƙon amanar da ya ɗora maka, mun zo maka da kukanmu. Mun san duk inda aka ambaci Sabon Birni da Isa, a ofis ne ko a rediyo, maganar 'yan bindiga ce ke fara zuwa bakin mutane. Haka ne kuwa, domin babu gida a cikinmu da wannan masifa ba ta shiga ba. To amma yau wani ciwo muka kawo wanda ya ɓuya a bayan wancan. Ba ya ƙara kamar bindiga, ba ya shiga labaran duniya, sai dai kullum yana cin ɗiyanmu a hankali. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ga kukan a dunƙule. Akwai yara 'yan Najeriya, 'yan asalin wannan jiha, da suka yi shekaru suna karatu da Faransanci a makarantun Jamhuriyar Nijar lokacin da gudun hijira ya kai iyayensu can. Da suka dawo gida sai aka ɗauki karatun nan tamkar ba a yi shi ba. Takardun da suka zo da su babu mai karantawa, iyayensu kuma ba su da wurin zama inda ake yanke shawarar makaranta.

Yadda gida ɗaya ya sami boko biyu

Ranka ya daɗe, ba mu ne za mu koya maka tarihin ƙasarka ba, amma sai an tuna asali ake gane reshe. Kufan Alƙalawa, babban birnin Gobir ta Bawa Jangwarzo, yana nan cikin ƙasar Sabon Birni. Bayan faɗuwar birnin a 1808, Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya Ɗan Halima ya taso ya kafa Sabon Birni. Ana nan sai Ingila da Faransa suka zauna a ƙasarsu, suka ja layi a takarda a 1898 da 1904 da 1906, layin ya ratsa ta tsakiyar dangi. Wa ya faɗa hannun Faransa, ƙane ya faɗa hannun Ingila. Har yau tsagar da ke fuskar Bagobirin Tsibiri ita ce ke fuskar na Sabon Birni, harshe ɗaya, alƙibla ɗaya. Gulbin Maraɗi ma da ya gama zagayensa a Nijar, wurinmu yake dawowa ya zuba a Rima. Muna aure da su, muna cin kasuwa ɗaya, muna yi wa juna ta'aziyya. Abu guda ne ya bambanta mu, wato boko. Su ɗansu ya je lakwal wurin mushe ya koyi Faransanci, mu namu ya je firamare wurin malam ya koyi Turancin Ingilishi.

A da wannan bambanci bai dame mu ba, kowa yana karatu a inda yake kwana. Rashin tsaro ne ya cakuɗa al'amarin. A watan Satumban 2019, Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce fiye da mutum 40,000 daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina sun tsallaka zuwa jihar Maraɗi. A watan Afrilun 2020 kaɗai wasu kimanin 23,000 suka bi bayansu. A watan Mayun 2020 aka kashe fiye da mutum 70 a Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da Katuma da Masawa. A watan Nuwamban 2021 wasu kimanin 11,500 suka gudu zuwa yankin Bangi a jihar Tawa, a watan Disamba kuma aka ƙone matafiya cikin mota a kusa da Gidan Bawa. A watan Agustan 2024 muka rasa Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hannun waɗanda suka sace shi. Allah ya jiƙan su baki ɗaya. Wanda ya ga irin wannan ya ɗauki ɗiyansa ya tsallaka iyaka, ba ya da laifi wurin Allah, ba ya da laifi wurin hukuma.

'Yan'uwanmu na Gidan Rumji da Madarumfa da Bangi sun karɓe mu hannu bibbiyu, sun raba rumbu da mu. An zaunar da wasunmu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, aka buɗe wa yaranmu ƙofar makarantun gwamnatinsu. Ba mu manta da wannan alheri ba har abada. Yaron da ya tsallaka yana ɗan shekara 6 a 2019, ya isa gama firamare a can a 2025. Duk lissafin da ya iya, da duk abin da ya sani na kimiyya da labarin ƙasa, da Faransanci ya san shi. A tsarin Nijar kuwa sai an shiga kwaleji, wato matakin da ke bin firamare, ake fara koyon Ingilishi, saboda haka yaron firamare ko gaisuwa bai iya da shi ba.

Ba waɗannan kaɗai ba ne. A cikinmu akwai matan da aka auro daga Tsibiri da Madawa da Maraɗi, da yaran da suka tashi wurin kakanni ko wurin riƙo a ƙetaren iyaka, da 'yan kasuwar da rabin shekararsu a can take. Duk takardun hannunsu da Faransanci suke. Su ma wannan kuka nasu ne.

Koke na farko: ana mayar da yaro baya saboda ba a fahimci takardarsa ba

A Nijar firamare shekara 6 ce kamar tamu, ana kiran azuzuwan CI da CP da CE1 da CE2 da CM1 da CM2. Daga nan sai kwaleji shekara 4, sai babbar sakandare shekara 3. Amma a kwaleji ƙidayarsu daga sama take gangarowa: ana shiga a aji na 6, a wuce na 5, da na 4, a fita a na 3, inda ake zana jarrabawar BEPC. Wato yaron da takardarsa ta ce yana aji na 3 a kwaleji, shekararsa ta 10 ke nan yana karatu, daidai da ɗan aji ɗaya na babbar sakandare a wurinmu. Hedimastan da bai san haka ba, da ya ga lamba 3 sai ya zaci aji uku ne na ƙananan yara. Haka kuma maki a kwalejinsu bisa 20 ake ba da shi. Yarinyar da ta ci 14 ta yi ƙoƙari ƙwarai, a can ana yaba mata. A nan wanda ya saba da maki bisa 100, da ya ga 14 sai ya ce ta faɗi warwas.

Wannan ya faru a gabanmu. Ɗaya daga cikin masu wannan takarda ya kai 'yarsa wata makaranta bayan sun dawo. Ta gama CM2, tana raba dogon lissafi ba tare da ta ɗaga kai ba, rubutunta a haɗe yake mai kyan gani irin wanda ake koya musu a can. Aka yi mata tambaya da Ingilishi ta yi shiru, aka sake ta yi shiru, sai aka ce a kai ta aji biyu. Yarinya ta fara zama budurwa, aka zaunar da ita cikin yaran da ta yi wa goyo. Ta daure mako biyu, a na uku ta ce wa uwarta gara ta ɗauki talla. Yanzu maganar aurenta ake yi. Da an yi mata tambayar nan da Hausa, da an ga abin da ke kanta.

Ba mu ɗora wa malamai laifi ba. Yawancinsu 'ya'yanmu ne, suna aiki cikin haɗari, kuma babu wanda ya taɓa ba su takardar da ta bayyana musu wane aji na can ne ya yi daidai da wane aji na nan. Abin da mutum bai sani ba dole ya yi masa shaci-faɗi. Sai dai sakamakon yana da ɗaci: yaron da bindiga ta kora daga makaranta sau ɗaya, rashin tsari ya sake korarsa karo na biyu, a garinsu, a gaban iyayensa.

Manyan ma ba su tsira ba. Matashin da ya ci BEPC ko BAC, wato jarrabawar gama babbar sakandare, idan yana son shiga kwalejin ilimi ko jami'a a Najeriya, sai an tantance takardarsa a Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da ke Abuja. Ranka ya daɗe, mutumin da ke sa hannu a ka kafin ya bi hanyar Gundumi ko ta Goronyo ya iso Sakkwato, wanda aka kore wa shanu aka ƙone wa rumbu, ina zai ga kuɗin Abuja? Sai takardar ta koma ƙasan adaka, mai ita ya koma acaba ko ya tafi ci-rani.

Koke na biyu: harshen da doka ta ce a koyar, an bar shi ya zama abin kunya

Tun 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta ayyana Faransanci a matsayin harshen hukuma na biyu a Najeriya. Kundin Manufofin Ilimi na Ƙasa na 2004 ya tabbatar da haka, ya kuma sa koyar da shi ya zama wajibi a firamare da ƙaramar sakandare, domin mu'amala da maƙwabta. Tun 1991 Gwamnatin Tarayya ta kafa cibiyar koyon Faransanci a Badagiri ta jihar Legas, inda ɗaliban jami'a ke zuwa su zauna domin kunnensu ya saba da harshen. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke nan Sakkwato ma tana koyar da shi.

To mu ga shi Allah ya kawo mana harshen har gida, a bakin ɗiyanmu, ba a kashe ko sisi ba. Amma a yawancin makarantun ƙauyukanmu babu malamin Faransanci. Inda aka rubuta darasin a jadawali, lokacinsa ya zo sai yara su fita wasa. Yaron da ya iya harshen kuwa, maimakon a ɗaga shi, sai 'yan'uwansa su riƙa yi masa dariya suna kiransa baƙo, har ya koyi ɓoye abin da ya sani. Bayan shekara biyu ya manta Faransancin, Ingilishin kuma bai zauna ba, ya tashi ba tsuntsu ba tarko.

Najeriya tana maƙwabtaka da Binin da Nijar da Cadi da Kamaru, dukkansu da Faransanci suke aikin ofis. Kwastan da jami'an shige da fice da ma'aikatan lafiya da jami'an tsaro da ke aiki daga Illela zuwa Sabon Birni, kullum suna bukatar wanda zai karanta musu takardar da ta fito daga ƙetare. Waɗannan yaran su ne za su yi wannan aiki gobe idan an riƙe su yau. Ita kanta Nijar, a dokar da ta kafa a watan Maris na 2025, ta mai da Hausa harshen ƙasa, ta ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Yaron Gobir da ya haɗa ukun nan babu ƙofar da za ta rufe masa, daga Yamai har Abuja.

Koke na uku: ba mu da murya a kwamitin makaranta

Tsarin ilimi na ƙasa ya tanadi kowace makarantar gwamnati ta sami kwamitin al'umma mai kula da ita, wanda ake kira SBMC. A cikinsa ya kamata a sami hedimasta, da wakilin malamai, da na hakimi ko mai gari, da malaman addini, da mata, da tsofaffin ɗalibai, da masu sana'a, har da wakilan yaran kansu. Tsari ne mai kyau. Amma a garuruwanmu da dama gudun hijira ya tarwatsa waɗannan kwamitoci. Wani ɗan kwamiti ya rasu, wani yana Sakkwato, wani yana Maraɗi, sunayensu dai suna nan a takarda. A wasu wuraren an cike gurbi ba tare da an tara gari ba. Mu da muka dawo ba a kira mu, ba mu san ranar zama ba, ba mu san abin da ya shigo ko abin da aka kashe ba.

Ranka ya daɗe, zaman hijira da ɗacinsa ya koya mana wani abu. A Nijar mun ga kwamitin makarantarsu da suka fi sani da COGES, wanda aka fara ƙarfafa shi a jihar Tawa tun 2004 da taimakon ƙasar Japan. Ana buga shela a tara gari, maza da mata, a zaɓi shugabanni ta hanyar jefa ƙuri'a a asirce. A zauna a lissafa abin da makaranta ke bukata a shekara, ko rumfar karatu ce, ko tabarmi, ko randar ruwa, a raba aiki. Ƙarshen shekara a sake tara jama'a a karanta musu abin da aka tara da abin da aka kashe. Iyaye mata suna da ƙungiyarsu da ke bin gida gida idan yarinya ta daina zuwa. Ba mu ce komai nasu ya fi namu ba, su ma suna da nasu matsalolin, yara da yawa a rumfar kara suke karatu. Amma mun ga yadda talaka ke riƙe makaranta kamar gonarsa idan an ba shi murya. Matanmu da suka zauna a irin wannan taro a Garin Kaka sun dawo da sanin yadda ake yi. Abin takaici ne a ce wannan sani yana zaune a tsakar gida, makarantar garin kuma tana lalacewa.

Da a ce akwai ko mutum ɗaya daga cikinmu a kwamiti ranar da aka kai yarinyar nan aji biyu, da ya karanta takardarta ya yi bayani, da yau tana sakandare.

Koke na huɗu: takardun haihuwa da na asibiti

Sashe na 25 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce wanda aka haifa a wajen Najeriya, matuƙar uwarsa ko ubansa ɗan Najeriya ne, to shi ma ɗan Najeriya ne ta haihuwa. Sashe na 42 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda asalinsa ko yanayin haihuwarsa. Duk da haka, uwar da ta haihu a Gidan Rumji ta zo da takardar haihuwa da Faransanci, sai ta yi ta yawo daga tebur zuwa tebur. Wani ya ce bai iya karantawa ba, wani ya ce ɗan Nijar ne. Ga kuma rikicin rubuta suna. A can ana rubuta Ousmane da Aboubacar da Haoua da Chaibou, a nan Usman da Abubakar da Hauwa da Shu'aibu. Mutum ɗaya ne, suna ɗaya ne, amma kwamfuta ba ta san haka ba. Da suna ya saɓa tsakanin takardu, lambar zama ɗan ƙasa ta NIN sai ta gagara, kuma tun 2021 ba a rajistar jarrabawar JAMB sai da ita. Harafi biyu sai su rufe wa yaro ƙofar jami'a.

Haka a asibiti. Katin rigakafin Nijar yana rubuta VPO inda namu ke rubuta OPV, wato ɗigon shan inna. Allurar ƙyanda suna rubuta ta VAR, ta shawara kuma VAA, sunayen watanni ma dabam suke. Wata daga cikinmu ta kai jaririnta wani ɗakin shan magani da irin wannan kati, ma'aikaciyar ta juya shi ta sake juyawa, ta kasa gane wace allura aka yi wace ta rage, ta ce ta dawo wani lokaci. Tafiyar kuwa ta kusan yini ce a kan hanyar da ake tare mutane. Ba ta koma ba. Takarda guda mai shafi ɗaya da ta jera sunayen alluran da harsunan biyu, a liƙa ta a bango, ta isa ta kashe wannan matsala.

Koke na biyar: makarantun da suka rage sun cika sun batse

Ƙauyuka da yawa a gundumomin Gatawa da Tara da Kurawa da Unguwar Lalle da Gebe da Tozai da Bargaja sun sha watsewa, jama'arsu suka taru a manyan garuruwa. Wasu makarantun sun zama masaukin 'yan gudun hijira. Aji ya cika har ƙofa, malami ɗaya yana fama da taron da ba ya iya sanin sunayensu. A irin wannan aji, yaron da ba ya jin harshen allo shi ne na farkon ɓacewa. Kuma mun san inda yaron da ya bar makaranta yake ƙarewa a ƙasarmu a wannan zamani. Daji yana kusa, masu ɗaukar yara aiki suna nan suna jira. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma idan mu ba mu tanƙwara shi ba, wasu za su yi.

Abin da muke roƙo

Ranka ya daɗe, Dokar Ilimin Bai-ɗaya ta 2004 ta ba kowane yaro ɗan Najeriya karatun shekara 9 kyauta kuma dole, ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar Tarayya domin tallafa wa jihohi a kan haka. Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Kampala ta 2009 kan kare waɗanda rikici ya raba da gidajensu, ta kuma karɓi baƙuncin taron duniya kan tsaron makarantu a Abuja a 2021. Jiharmu ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi tun 2015, kai ma ka sa ilimi cikin manufofi 9 na gwamnatinka. Saboda haka abin da muke nema yana cikin alkawarin da aka riga aka ɗauka. Ga shi dalla-dalla:

1. A umarci sakatarorin ilimi na Sabon Birni da Isa, tare da hakimai da masu gari, su ƙidaya yaran da suka yi karatu a Nijar cikin zango ɗaya, a san yawansu, da ajin da kowa ya tsaya, da garin da yake.

2. Ma'aikatar Ilimi ta fitar da jadawali guda da ke nuna ajin da ya yi daidai da kowane aji na Nijar da yadda ake karanta makinsu, a raba wa kowane hedimasta da shugaban sakandare, a hana mayar da yaro baya saboda harshe kaɗai.

3. Idan za a gwada yaro kafin a ba shi aji, a gwada shi da Hausa a lissafi da kimiyya, domin a auna abin da ya sani.

4. A buɗe ajin share fage na wata 6 zuwa 9 a garin Sabon Birni da garin Isa da Gatawa, da duk inda ƙidaya ta nuna yaran sun taru, a koya musu Ingilishi sosai ta hanyar Hausa, sannan su shiga ajin da ya dace da shekarunsu.

5. A ɗauki malaman Faransanci daga cikin 'ya'yan yankin, domin su ne za su zauna ko da wuya ko da daɗi. Masu BAC da suka dawo a ba su horo a Sakkwato, a ɗauke su mataimakan malamai, a kuma sa wa duk malamin da ke aiki a bakin iyaka alawus na musamman.

6. A sake kafa kwamitin kowace makaranta a gaban taron gari, ta hanyar zaɓe. Inda akwai iyalan da suka dawo daga hijira a ware musu kujera 2, ɗaya ta mace. A riƙa karanta kuɗin shiga da na fita da Hausa a bainar jama'a ƙarshen kowane zango, a liƙa a ƙofar makaranta.

7. A ajiye ma'aikaci mai jin Faransanci a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma daga cikin biyun, ya riƙa fassara takardun haihuwa da na makaranta da na asibiti kyauta, da hatimin hukuma. A gayyato Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da hukumar katin ɗan ƙasa su zo su yi rajistar yaran a garuruwansu, su daidaita sunayen da rubutu ya raba.

8. Ma'aikatar Lafiya ta buga takardar sunayen alluran rigakafi da harsunan biyu, a kai ta kowane asibiti da ɗakin shan magani na yankin.

9. Gwamnatin jiha ta nemi Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta riƙa karɓar takardun BEPC da BAC a nan Sakkwato domin tantancewa, jiha ta ɗauki nauyin kuɗin ga 'ya'yan 'yan gudun hijira.

10. A bi ta Hukumar Haɗin Gwiwar Najeriya da Nijar, wadda aka kafa a 1971 mai mazauni a Yamai, a buɗe hanyar magana da hukumomin ilimi na Maraɗi da Tawa, yadda yaron da ya bar takardarsa garin gudu zai iya samun kwafinta. Mun ga rufe iyaka a 2019, mun sake gani a 2023, mun ga ficewar Nijar daga ƙungiyar ECOWAS a watan Janairun 2025. Saɓanin shugabanni yakan zo ya wuce, amma shekarar da yaro ya rasa ba ta dawowa.

11. A ƙara jami'an tsaro a makarantun da yara suka taru da hanyoyin da malamai ke bi, a kuma sama wa 'yan gudun hijirar da ke kwana a azuzuwa wani matsuguni na mutunci, domin karatu ya dawo.

Abin da mu ma za mu yi

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mun yi alkawari za mu fito da kowane yaro ranar ƙidaya, ba za mu ɓoye mace ba. Inda babu aji za mu ba da zaure ko mu kafa rumfa da hannunmu. Matasanmu masu jin harsunan biyu sun yarda su fara taimaka wa malamai tun kafin a sa musu albashi. Iyaye mata za su bi gida gida. Limamanmu za su yi magana a kan mumbari. Kuma duk wanda muka zaɓa a kwamiti, mu za mu fara tuhumarsa idan ya ci amana.

Ranka ya daɗe, gani ya kori ji. Muna roƙonka ka turo wakilai su zo Sabon Birni da Isa kafin a buɗe sabon zango. Su zauna da mu, a kira yaran nan, a ba su alli a tsayar da su gaban allo, a tambaye su da harshen da suke ji. Abin da wakilanka suka gani da idonsu shi za su kawo maka.

Waɗannan yara ba su zaɓi gudu ba, goya su aka yi cikin dare. Da suka sami kansu a baƙuwar makaranta ba su zauna ba, sun koyi harshen da iyayensu ba su ji, sun ci jarrabawa da shi. Yanzu sun dawo ƙasar kakanninsu da takardunsu a hannu. Ɗiyanka ne, amanarsu tana wuyanka kamar yadda take wuyanmu, kuma Allah zai tambaye mu duka. Muna roƙonka ka ba da umarni a karɓi karatunsu, a ba iyayensu wurin zama a makarantun garuruwansu.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka mashawarta na gari, ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Gobir da Najeriya da Nijar baki ɗaya. Amin.

Wassalamu alaikum.

Mu ne talakawanka,
Iyaye, malamai da dattawan garuruwan bakin iyaka,
Ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa.

Kwafi zuwa ga Mai Alfarma Sarkin Musulmi, Alhaji Muhammadu Sa'ad Abubakar na Uku, Shugaban Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jihar Sakkwato, Kwamishinan Lafiya, shugabannin ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa, Sarkin Gobir na Sabon Birni da Sarkin Gobir na Isa, da 'yan majalisar da ke wakiltarmu a Sakkwato da Abuja.